Abarshi da Dutse na Uku

Kun taɓa tambayar kanku yaushe ƙarfi yake shiga jikin mutum? Lokacin da yake ɗaga nauyi, ko bayan ya ajiye?

Akwai wani ɗan kokawa a Kakangi, ƙasar Birnin Gwari, tun kafin zuwan Turawa. Sunansa Abarshi. Manomi ne, da damtsensa yake ciyar da matarsa Furera da tsohuwarsa. Burinsa ɗaya: ya ka da gwarzon garin Gayam a kokawar kaka.

A bakin daji akwai duwatsu uku da 'yan kokawa suka gada, kowanne ya fi wanda ya gabace shi nauyi. Ƙa'idar ita ce a ɗaga yau, a huta kwana biyu, a sha fura da nono, a murje jiki da man kaɗanya. Tsohon ɗan kokawa Nababa ne yake kula da su.

Abarshi ya ce hutun nan ragwanci ne. Kullum sai ya je, safe da yamma.

Da farko damtse ya cika, har ana nuna shi a kasuwa. A mako na huɗu abin ya juya. Dutsen da yake kaiwa kafaɗa ya ƙi wuce gwiwa. Ko akushi ya ɗauka sai hannun ya hau rawa.

Nababa ya ja shi gefe. "Ɗana, dutse yaga nama yake yi. Hutu ne yake ɗinke shi, ya fi da kauri. Kai kana ta yagawa, ka hana mai ɗinki zama."

Abarshi ya yi dariya. "Baba, ku a zamaninku ai rawar biki kuke yi. Ni na san ciwona. Mutanen Gayam ne suka yi mini jifa."

Ya samo kambu biyu ya ɗaure a damtse, ya ƙara ƙaimi.

Furera ta ce, "Maigida, wane irin jifa? Jiya ko tuwo da ƙyar ka gutsura. Bari in gasa maka da ruwan zafi, ka kwanta."

"Je ki gasa wa tsohuwa, ita ce mai ciwon gwiwa."

Saura kwana tara kokawa, ya nufi dutse na uku, wanda bai taɓa gwadawa ba. Ya cicciɓe shi har ƙirji. Sai ya ji ɗas, kamar igiyar guga ta tsinke. Tsokar ta nannaɗe ta hau sama, hannun ya saki.

Maɗori ya zo ya lalluba, ya girgiza kai. "Ƙashi lafiya lau. Abin da ya tsinke, ba ni da karan da zai ɗaure shi."

Ranar kokawa, daga zaure Abarshi ya ji ganguna.

Da damina ta sauka, hannun ya kasa jan garma. Nababa, da furfurarsa, shi ya tara gayya aka yi masa huɗa. Abarshi yana bin su cikin kunya, riƙe da goran ruwa a hannun hagu. Kowa ya zo sha sai Abarshi ya sunkuyar da kai, don kada su haɗa ido.

Darasi: Ɗaga nauyi yakan yi wa tsoka ƙananan raunuka, jiki kuma sai a lokacin hutu da abinci mai kyau yake gyara su, tsokar ta ƙara kauri. Wanda ya raina hutu, ya raina nasihar manya, ƙarfinsa yake rushewa da hannunsa. Don Allah ku tura wa duk wani ɗan'uwa mai motsa jiki, yau ɗin nan, kafin ya je ga nasa dutsen.