Alkyabbar Ɗan Roba

Ku gyara zama, ga wata shari'a da aka kasa yankewa a Tudun Wadar Zariya, na kawo muku ita ku gwada.

Akwai wani tela ana ce masa Mudassir, gwanin ɗinki ne, amma bakinsa na da nauyi a gaban mutane. Abu ɗaya yake ɓoyewa. Tun yana ƙarami yake tara mutanen roba, irin waɗanda ake zubewa a tabarma a kasuwar gwanjo. Akwai 'yan kokawar talabijin masu ƙirji kamar buhun gero, akwai jaruman nan masu rufe fuska da ake cewa suna tashi sama da alkyabba a baya. Yawancinsu da rauni suke zuwa hannunsa, wani ba hannu, wani alkyabbarsa ta yage. Sai ya wanke su da tsohon burushi, ya liƙe abin da ya karye, ya ɗinka musu sabuwar alkyabba da ragowar ƙyalle. Guda ɗaya tak ya taɓa samu sabo a kwalinsa, wani ɗan kokawa da ya sa wa suna Mai Jar Fuska. A shago yake ajiye shi, ta ledar kwalin yake kallonsa, don a wurin masu tara irin wannan kaya, ranar da ka ɓare kwali ranar ka kashe darajar abin.

Ana nan sai wata yarinya, Hindatu, ta kawo masa ɗinkin Sallah, atamfa shuɗiya mai zanen ganye. Ya ɗinka, ta karɓa. Ta dawo wai a gyara hannun riga, ya duba bai ga abin gyara ba, ya gyara. Da ta sake dawowa a kan wuyan rigar, sai ya gane. Magana ta je gaban manya, aka sa rana. Sau da yawa ya yi niyyar gaya mata zancen mutanen robarsa, sai ya tuna ƙato ne shi mai gemu, ya haɗiye.

Da biki ya matso, ya kwashe su ya jera a ɗan sito na bayan kicin a sabon gidansa, ya sa kwaɗo. Ya manta 'yan jere ba sa barin ƙofa a rufe. Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifin amarya, ita ta jagoranci mata ranar. Ta rasa inda za ta tura manyan tukwane, ta sa aka ɓalle kwaɗon. Tana leƙawa ta ga ƙananan mutane jere a kan katako, fuska a rufe, duk sun zuba mata ido. Na gaban yana sanye da alkyabbar atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ga allurai a soke a wuyansa. Ita da kanta ta saya wa Hindatu atamfar nan.

Ta saka salati. "Dama na faɗa! Yarinya kamar Hindatu ta nace wa tela? Ashe ɗaure ta ya yi!"

Kafin la'asar saƙon Alhaji Namadi, mahaifin amarya, ya iso shago: a dakata da ɗaurin auren gobe. Mudassir ya yi ta tambayar ɗan saƙon, wa aka ɗaure, da me, a ina. Da ya fahimta sai kansa ya ƙara kullewa, ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Ya dubi kwalin nan a bayan kekensa, ya ce a gaban yaran shago, "Wallahi duk wanda ya fid da ni daga wannan, Mai Jar Fuska nasa ne."

Mutum uku ne suka fid da shi. Na farko shi ne Tanimu, abokinsa mai Keke Napep. Shi matan suka tare a bakin titi, ba su san alaƙarsu ba. Suka ɗora masa buhu da kwalbar kalanzir, suka ce ya kai bola ya ƙone ƙurmus, kada ya kuskura ya buɗe. A hanya ya shiga rami, wata 'yar ƙafar roba ta leƙo ta bakin buhun, ya gane ta, don ya san sirrin abokinsa. Ya juya kan kekensa, ya bi ta lungu, ya dire buhun a zauren Alhaji Namadi. Ya durƙusa ya ce, "Baba, a gani tukuna, sai a ƙona." Zagin da ya sha a wurin Gwaggo har yau yana tuna shi. Ba don shi ba, da toka za a tarar, kuma abin da Gwaggo ta ce ta gani shi ne zai zauna.

Amma fa da aka zazzage buhun, dattawan zauren baya suka ja, ba wanda ya yarda ya taɓa. Nan na biyu ya shigo, Ilu mai gwanjo, wanda yake sayar wa Mudassir kayan tun da daɗewa. Labari na isa Sabon Gari ya rufe rumfarsa kasuwa na tsakiyar ci, ya saɓo dila guda. Ya kwance ta a gaban Alhaji, sai ga irin fuskokin nan birjik, wasu ma tagwayen na Mudassir. Ya kifa ɗaya ya nuna hatimin kamfani a tafin ƙafa. Ya danna cikin wani, ya yi gurnani, wani dattijo ya zabura har hularsa ta faɗi. Ilu ya ce, "Alhaji, in aljanu ne, to dila-dila ake kawo mana su daga Legas." Aka yi dariya, tsoro ya fita daga zauren. Ba don shi ba, da ganin ma bai amfana komai ba.

Gwaggo dai ba ta yi dariya ba. Daga bakin ƙofa ta ce, "Na ji, na wasa ne. Atamfar fa? Alluran fa?" Aka aika Mudassir ya zo. Ya tsuguna ya ce, "Wallahi, Baba..." daga nan harshe ya ƙi. Shirun nan ya fara zame masa laifi.

Ta uku ita ce yayarsa, Ladidi. Ta ajiye kunyar surukai, ta yi sallama ta shiga zauren maza, abin da ba a saba gani ba. Ta sa hannu cikin tulin ta ɗago ɗaya. "Wannan alkyabbar daga zanen marigayiya mahaifiyarmu ce. Wannan shaddar babanmu ce. Wannan kuma ku dubi ɗankwalin kaina." Suka duba, iri ɗaya ne. Ta ce, "Yaron nan bai iya faɗar abin da ke ransa ba. Wanda ya shiga zuciyarsa, ƙyallensa yake ajiyewa. In asiri ne, mu ya fara yi wa." Ta kamo aljihun rigar Mudassir ta nuna allurai a soke, yadda tela yake kafe ƙyalle kafin ya bi da zare. Sannan ta ɗaga mai shuɗiyar alkyabba. Shi ne ɗan robarsa na farko, babansu ya saya masa, shekara da shekaru bai ga ƙyallen da ya dace da shi ba sai bana. Ba don ita ba, da tambayar Gwaggo ta tashi da auren.

Can sai aka aiko daga cikin gida, wai in ji amarya, a ce wa Mudassir ya ƙarasa ɗinkin alkyabbar. Alhaji Namadi ya yi gyaran murya ya ce aure na nan gobe, amma mutanen roba su koma shago, ban da ɗakin da ake salla.

Bayan biki, ga rantsuwa tana jira, ga kwali ɗaya. Tanimu ya ce shi ya hana wuta, kuma a gaban kekensa zai rataye shi kowa ya gani. Ilu ya ce shi ya kori tsoro, shi kaɗai ne kuma ya san ba a ɓare kwalin. Ladidi ta ce ita ta amsa abin da ya gagari kowa, tana karɓa za ta ɓare ta ba 'ya'yanta su yi wasa, ai don haka aka yi shi. Duk wanda Mudassir ya saurara sai ya ga shi ne da gaskiya, har na gaba ya buɗe baki. Ya tambayi Hindatu, ta yi murmushi ta ce ita nata ɗan robar ya ishe ta.

Kwalin yana nan a bayan keken ɗinki, rantsuwar ma tana nan. To ku da kuka ji, tsakanin Tanimu da Ilu da Ladidi, wa ya kamata a miƙa wa Mai Jar Fuska?