Zoben Alli a Ƙofar Tarago

A wani gari da layin dogo ya ratsa ta tsakiyarsa, akwai wani mutum mai suna Irmiya. A zamanin da jiragen ƙasa ke cin kwal suna huci da tururi, shi ne mai duba taragun kaya a tashar garin. Yakan bi jirgi daga kai har wutsiya da 'yar guduma a hannu, yana ƙwanƙwasa ƙafafun taragu yana kasa kunne, yana gwada birki, yana leƙa ƙasa. In ya ga tarago da lahani, sai ya zaro alli daga aljihu ya zana babban zobe a ƙofarsa. Duk ma'aikacin da ya ga zoben nan ya san abin da ake nufi: taragon nan ba lafiya, kada kowa ya shiga tsakaninsa da wani tarago.

Da ya tsufa ya ajiye aiki, jiragen kwal su ma aka ajiye su, amma Baba Irmiya bai yarda su tafi haka nan ba. Ya kafa tebur a gindin mangwaron gidansa, ya tara gwangwanayen madara da guntayen katako da tsohuwar wayar keke, ya shiga ƙera taragu ƙanana, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Amma fa kada ka kuskura ka kira su kayan wasa a gabansa, don ranar sai ka sha wa'azin da ba ka shirya masa ba. Taragon shanu sai ya yi masa katako goma sha huɗu a kowane gefe, da 'yar rata tsakaninsu don iska, domin haka yake a da. Taragon kuza ya yi shi gajere, don kuza tana da nauyi, ba a tula ta sama. Na gyaɗa kuwa rufaffe ne mai ƙofar turawa, ya kuma ɗinka masa buhuna kamar kan yatsa ya cika su da gero. Kowace ƙusa da tsinin allura yake fito da ita daga bayan gwangwani, yana ƙirgawa da baki. In ya gama, sai ya shafa baƙin tukunya da jar ƙasa, har taragon ya yi kamar ya shekara ashirin yana shan rana da hayaƙi.

Matarsa Briskila ta taɓa cewa, "Baban Lidiya, ka ɗan shafa wa ɗaya shuɗin fenti mana, ya yi kyau."

"Shuɗi? A taragon kwal? Haba, Maman Lidiya, so kike in yi ƙarya da furfurata?"

"To, Allah ya ba ka haƙuri," in ji ta tana dariya. "Mutumin da bai san inda ya ajiye tabaraunsa da safe ba, shi ne ya san ƙusa nawa ke jikin taragon da aka daina gani tun kafin a haifi jikokinsa."

Ta faɗi gaskiya kuwa. Akwai ranar da ya ɓaɓɓalle tarago guda da ya yi mako uku yana yi, don kawai ya tuna matakalarsa a hagu take, ba a dama ba.

To, akwai wani abu da wannan mai son gaskiya yake ɗauke da shi a ciki shekara arba'in da biyar. Yana saurayi yana da aboki mai suna Kefas, wanda aikinsa haɗa taragu ne. Tare suke cin tuwo a kwano ɗaya, tare suke zuwa sujada. Wata Talata da safe, wata budurwa mai koyar da yara a makarantar ikilisiya ta zo wucewa ta tasha tana cigiyar alli, don nasu ya ƙare. Briskila ke nan. Irmiya, da ya yi wata uku yana neman hanyar yi mata magana, ya juye mata duk allin aljihunsa, bai rage ko ɓarɓashi ba. Jim kaɗan jirgin gyaɗa ya shigo. Ya duba, ya tarar birkin tarago mai lamba ɗari uku da sittin da biyu ba ya kamawa. Ya laluba aljihu, wayam. Ya ce a ransa bari ya je ofis ya karɓo wani alli, ai ba nisa. Kafin ya dawo, Kefas ya danna birkin nan, ya ga ƙofa ba zobe, ya shiga tsakani zai rataya ƙugiya. Tarago ya ci gaba da gangarowa, ya matse masa hannun dama. Yatsu uku na tsakiya suka tafi.

Da shugabannin tasha suka zauna bincike, tsoro ya kama Irmiya. Ya ce ya zana zoben, ruwan saman da aka yi da rana bayan haɗarin ne ya wanke shi. Aka yarda da shi. Aka ce Kefas ne mai garaje, aka mai da shi mai tsaron mararrabar hanya da layin dogo, yana ɗaga tuta da hannun hagu har ya tsufa. Tun daga ranar suna gaisawa, amma daga nesa. A majami'a, in lokacin musafaha ya zo, sai ka ga Irmiya ya cika hannuwansa biyu, hula a wannan, littafin waƙa a wancan, yana rusunawa yana "Sannu, Kefas, ina gajiya," don kada ya taɓa hannun nan.

Wata shekara Baba Irmiya ya ɗaura aniyar ƙera jirgin gyaɗan ranar Talatar nan gaba ɗayansa, tarago goma sha tara, ya ce wa matarsa don tunawa da ranar da ya fara yi mata magana ne. Ya yi sha takwas lafiya lau. Da ya zo kan ɗari uku da sittin da biyu, ya gama ƙusoshi, ya gama lamba, sai ya zauna yana kallon ƙofar. Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya tsoma gashin kaza a farin fenti, ya zana ɗan zobe.

Briskila ta fito da kunun safe, ta tsaya a bayansa. Ta ajiye kwanon a hankali.

"Baban Lidiya, da wane alli ka zana wannan?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Ranar ai duk allinka yana ƙulle a bakin zanena. Na sani tun a lokacin, na kuma yi shiru don ina son ka, wannan laifina ne, na roƙi Allah gafara. Amma jiya a taron mata na ji cewa 'yar Kefas za ta zo ranar Litinin ta tafi da shi wurinta, can nesa, don ƙafafunsa sun gaza. Ya kuma aiko cewa gobe zai zo ya ga taragunka kafin ya tafi."

Baba Irmiya ya goga babban yatsa a kan zoben. Ina! Alli ne ke gogewa da yatsa, wannan kuwa fenti ne, ya riga ya kama. Ya yi tunanin ya ɓoye taragon a ɗaki, amma jirgin zai koma sha takwas, Kefas kuwa ya san sha tara ne. Ya yi tunanin ya juya ƙofar ta fuskanci bango, ya ji kunyar kansa. Yinin nan kunu ya huce a kwano bai sha ba.

Kashegari da la'asar Kefas ya iso yana dogara sanda. Da ya ga teburin, sai ya saki sandar ya yi shewa kamar yaro.

"Kai, Mai Guduma! Wannan ai tashar ce ka sa a tebur! Dubi na kuza! Har da lanƙwasar nan ta ƙofar taragon shanu, inda bijimin nan ya tunkuya muka watse da gudu, kai kana gaba!"

"Kai ne a gaba, Sarkin Ƙugiya," in ji Irmiya. Rabon da ya kira shi da sunan nan, shi kansa ya manta.

Kefas ya bi jirgin gyaɗa tarago bayan tarago, yana karanta lambobi da ƙarfi. Ya zo kan ɗari uku da sittin da biyu. Ya ɗaga shi da babban yatsa da ƙaramin, su biyun da suka rage masa, ya kawo shi kusa da ido. Ya ga zoben. Ya mayar da shi wurinsa a hankali, ya daidaita shi da 'yan'uwansa, ya sunkuya yana neman sandarsa.

"Aiki ya yi kyau ƙwarai," in ji shi. "Bari in kama hanya kafin rana ta faɗi."

Irmiya ya san in tsohon nan ya fita ƙofar gidan, shi ke nan har abada.

"Kefas, tsaya. Babu zobe. Ranar nan ban zana kome ba. Ƙarya na yi, aka ɗora maka laifina, kai ka rasa yatsu ka kuma rasa suna. Ka gafarta mini."

Kefas ya zauna a benci, ya sauke numfashi.

"To ai na sani. Ni na tsaya a gaban ƙofar nan, kuma a lokacin idona garau yake. Ba zan ɓoye maka ba, na yi shekara bakwai ko sunanka ba na son ji. Daga baya Ubangiji ya yi aikinsa a zuciyata, na yafe maka tun Lidiyarka ba ta shiga makaranta ba. Amma ɗan'uwana, duk Lahadin da na miƙo maka hannu, sai in tarar hula a nan, littafi a can. A ina zan sa maka gafarar?"

Baba Irmiya ya fashe da kuka, irin na tsofaffi, wanda ba ya da ƙara. Kefas ya bar shi ya yi mai isarsa, sa'an nan ya ce, "To, ya isa. Kawo wuƙarka mu gyara taragon nan. Ba ka ce ba ka yin ƙarya da furfura ba?"

Kefas ya riƙe taragon da yatsunsa biyu, Irmiya ya kankare zoben da tsinin wuƙa har farin ya fita duka, ya shafa baƙin tukunya a wurin. Da suka gama, ya ajiye wuƙar, ya kama hannun nan na dama da hannuwansa biyu, ya riƙe har Briskila ta kawo musu tuwo a kwano ɗaya. Ranar Lahadi kuwa, da ikilisiya ke sallamar Kefas, Baba Irmiya ya miƙe a gaban kowa, ba hula ba littafi, ya faɗi abin da ya faru a ranar Talatar nan, don tsohon ya tafi da sunansa a wanke.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ku kasa kunne. Teburin taragu shi ne rayuwar da muke jerawa a gaban mutane. Da yawa daga cikinmu Baba Irmiya ne: muna da gaskiya a ƙusa dubu, ba mu latti zuwa sujada, ba mu cin mudun kowa, har muna gyara wa wasu kuskurensu. Duk wannan yana da kyau, ban ce ku daina ba. Amma akwai ƙofa guda da muka zana wa zobe, wani abu da muka yi muka bar wani yana ɗauke da shi. Da fari alli ne, yatsa ɗaya ya isa ya goge. In aka daɗe ana maimaitawa sai ya zama fenti, sai an sa wuƙa, kuma da zafi.

Ku lura da abin tausayi a nan. Matarsa ta sani, abokinsa ya sani, Allah kuwa tun kafin taragon ya gangaro ya sani. To wa aka ruɗa a cikinsu shekara arba'in da biyar? Ba kowa. Ban da ɓata sunan Kefas, abin da ƙaryar ta yi kawai shi ne ta hana abokai biyu cin tuwo tare.

Hannun Kefas da ke miƙe kowace Lahadi kuwa, shi ne alherin Mai Cetonmu. Laifinmu ne ya yi masa rauni, duk da haka shi ne ke fara miƙo hannu. Gafarar a shirye take tuntuni. Mu ne muke zuwa da hannuwa cike da hujjoji, har da ayyukan ibada, don kada mu taɓa raunin mu tuna wa ya jawo shi.

Na san yanzu haka wani a cikinku ya tuna da sunan nasa Kefas ɗin. Kada ka ce sai wata rana, domin Baba Irmiya da ya ƙara kwana biyu da motar 'yar Kefas ta riga shi. In an tashi yau, ajiye hular da littafin a kan benci, ba wanda zai ɗauke maka, ka je wurinsa da hannu wofi.