Audi da Sifirin Gadon Zubaida

"Baban Zulfa, wa ya kwance mini sifirin gado?"

"Magani nake yi, ki rage murya!"

"Da gadon da iyayena suka kawo ni da shi? Wallahi ba ka isa ba!"

Audi ke nan da matarsa Zubaida. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Baure, ƙaƙƙarfa, amma girman kai da gaggawa sun yi masa katutu. Tun bazara ciwon baya ya kama shi, ga damina ta ƙarato, ga shi ba mai riƙe masa garma. Da ƙyar ya yarda Zubaida ta raka shi asibiti a Daura.

Likitar gashin ƙashi ta koya masa wani motsa jiki da ake kira Filatis. Ta ce wani Bajamushe ne ya ƙirƙiro shi, kuma an ce lokacin yaƙin duniya na farko har sifirin gado ya ɗaura wa majinyata suna ja daga kwance.

"Amma kai tabarma ta ishe ka," in ji ta. "Ka kwanta rigingine, ka ja numfashi, ka tsuke ciki, ka ɗaga ƙafa sannu a hankali, zuciyarka na wurin. In naman ciki da na ƙugu suka yi ƙarfi, su za su tallafi bayan."

Tun a hanya Audi ya maƙe murya. "'Ka ja numfaaashi.' Ni za a koya wa numfashi? Tun ba a haife ta ba nake yin abina!"

Duk bayanin nan, zancen sifirin kaɗai ya shiga kunnensa. Shi ya sa ranar ya kwance su, ya ɗaure a turken akuya, ya saƙala ƙafafunsa.

"Cewa ta yi a hankali!" Zubaida ta daka masa tsawa.

"A hankali na masu jego ne. Yau zan gama abin nan gaba ɗaya."

Ya fizga da iyakar ƙarfinsa. Turke ya tuge, baya ya ce ƙas! Ihunsa har bakin masallaci.

Ruwan shuka ya sauka yana kwance, ko juyi ba ya iyawa. Kowa ya yi shuka ya yi noman fari, gonar Audi ta zama wurin kiwo. Yayansa Jibril ya zo dubiya yana huci.

"Gona ta tafi, baya ya tafi, matarka na kwana a ƙasa! Me ya kai ka, don Allah?"

Audi ya ƙura wa rufin ɗaki ido. "Yaya, sifirin ne ba na Jamus ba."



Darasi: jiki ba jaki ba ne da za a kora da bulala. Motsa jikin nan yana rage ciwon baya, ya daidaita tsayuwa, ya kwantar da hankali, amma sai ga mai haƙuri da bin umarnin masana. Wanda ya raina tabarma don girman kai, a kanta zai yi damina.