Misalin Mai Injin Shinkafa da Gurabu Biyu

Akwai wani mutum mai suna Habila, yana da masana'antar gyaran shinkafa a bakin gari. Da Allah ya yalwata masa, sai ya sayo sabuwar tukunyar turara shinkafa, da tankin ruwa, da akwatin sarrafawa mai allo, wanda zai riƙa ƙara wuta ko rage ta da kansa.

To, akwatin nan ba shi da ido. Kowane inji yana da ma'auninsa, ma'aunin kuwa yana aiko da labari ta waya zuwa wani gurbi mai lamba a cikin akwatin. Abin da ya faɗa gurbin zafi, akwatin ya ɗauke shi zafi. Abin da ya faɗa gurbin ruwa, ya ɗauke shi ruwa.

Kaka ta yi, manoma suka cika filin masana'antar da buhuna. Habila ya kira wata injiniya, Keziya, ta duba aikin kafin a kunna. Da ya ga allo ya haska, lambobi sun fito tsaf, sai ransa ya yi fari, ya ce, "'Yata, ai komai ya yi. Mutane suna jira."

Ta ce, "Baba, allon yana magana, amma ban tabbata wa yake ba mu labarinsa ba. Bari in bi wayoyin ɗaya ɗaya."

Habila bai so ba. Manoma suna gunaguni a waje, wasu har sun fara ɗora buhunansu a kan babur za su tafi wani wuri. Duk da haka ya tsaya a gaban allo kamar yadda ta roƙe shi.

Keziya ta je ta buɗe famfo, ruwa ya fara shiga tanki. Ta ɗaga murya ta ce, "Baba, wace lamba ce take hawa?"

Ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Ta ruwa ba ta motsa ba. Ta zafin tukunya ce take hawa, ga shi kuwa ba a hura wuta ba!"

Ashe wajen haɗawa an sauya gurabun biyu. Keziya ta bayyana masa cewa da an kunna a haka, duk lokacin da ruwa ya ragu akwatin zai zaci zafi ne ya sauka, ya ƙara wuta a kan tukunyar da take bushewa. Habila ya juya ya dubi matan da za su tsaya aiki kusa da tukunyar, har da ƙanwar matarsa mai goyo. Sai ya zauna a kan buhu.

Ta mai da kowane ma'auni gurbinsa, ta gwada sauran duka. Da aka gama, Habila ya fita ya gaya wa manoman abin da ya faru, bai ɓoye kome ba. Ya ce, "Ku taya ni gode wa Allah, ku taya ni gode wa yarinyar nan da ta ƙi jin maganata."

Ma'anar wannan misali ita ce, allon nan zuciyarmu ce. Takan ba mu labarin kanmu, amma wani lokaci sunayen sun sauya wuri. Mutum yana fushi, zuciyarsa ta ce masa kishin gaskiya ne. Yana girman kai, ta ce masa riƙon mutunci ne. Sai ya yi ta ƙara wuta a inda ruwa ake buƙata, mutanen gidansa kuwa su ne a tsaye kusa da tukunyar.

Saboda haka Ubangiji ya ba mu Maganarsa, ya kuma ba mu 'yan'uwa masu haƙurin tsayar da mu su ce, "Bari mu duba." A lokacin ba daɗi, na sani. Amma kowannenmu a nan yana da wanda ya taɓa tsayar da shi haka, ya tsira. Idan mutumin yana da rai, kada makon nan ya wuce ba ka je ka gode masa ba.