Kujera ta Biyu a Jirgin Malam Nomau

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba ni zan yanke ta ba.

A garinmu an yi wani bakanike, Malam Nomau, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana ƙera jirgin sama a tsakar gidansa. Ɗan ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu, da tayoyi biyu a gaba da ƙarama ɗaya a wutsiya. Mutane sun yi masa dariya har suka gaji, ni ma na yi tawa, ba zan ɓoye muku ba. Da ya gama, sai da aka rushe katanga kafin a fitar da shi. A shekarar ce kuma likita ya gaya masa idanunsa suna mutuwa, da wuya su kai damina. Tun daga nan ba shi da wani buri sai ya ga jirgin nan a sama da idonsa.

Aka ja jirgi zuwa tsohon filin sauka da ke bayan gari, aka samo Kyaftin Gambo, wani matuƙi da ya yi ritaya. Inji ya tashi lafiya lau. Amma da zarar jirgi ya fara gudu a ƙasa, sai ya karkata dama ya nufi gonar rogon mutane. Sau huɗu ana gwadawa. Aka kwance birki aka ɗaure, aka ƙara wa taya iska aka rage, har wani ya zo da turare wai iskokai ne. Kyaftin ya sauko ya ce, "Malam Nomau, jirgin da bai iya tafiya a ƙasa ba, ba zan kai shi sama ba. Ina da jikoki."

Tsoho ya tara 'ya'yansa uku, ya ce, "Kujera ta biyun nan don kaina na yi ta, amma na fasa. In na zauna a ciki ba zan gan shi yana tashi ba. Duk wanda ya miƙar da tafiyar jirgin nan a cikinku, shi zai hau."

Babban, Sallau, amalanken shanu yake kora, bai san komai a kan inji ba. Jirgin ma bai kalla ba. Filin ya bi a ƙafa, yana duba sawun tayoyi. Ya ga sawun dama ya fi nutsewa, har yana kankare ƙasa, irin yadda amalanke yake yi idan kaya sun kwanta gefe guda. Ya dawo ya ce, "Baba, ku bar birki ya huta. Nauyi ne ya kwanta a ƙafar dama." Ba don shi ba, da har yau ana nan ana kwance birki. Sai dai abin da ya kwantar da nauyin, wannan Sallau bai sani ba.

Ta biyun, Tabawa, tela ce, kuma ita ta taso tana share tsakar gidan. Da ta ji maganar yayanta, ta koma gida ta sheƙa bokitin ruwa daidai inda aka ƙera jirgin. Ruwa ya gangara ta wajen da hagun jirgin yake, ya bi rariya, kamar yadda yake yi a kowane gida da aka gina don damina. Ashe tsoho ya daidaita jikin jirgi tsaf a kan turakun da ya ɗora shi, amma tsawon ƙafafun daga ƙasar tsakar gida ya auna shi, sai ta wajen rariya ta fito da tsawo. Tabawa ta ɗauki tef ɗin ɗinkinta ta je fili ta auna. Yatsa uku cif ƙafar hagu ta fi ta dama. Na tausaya wa tsohon nan a ranar, shekara goma sha ɗaya gidansa yana yi masa ƙarya bai sani ba.

Autan, Barau, mai walda ne. Bututun ƙafar siriri ne, babu irinsa a kasuwar garin, kuma in wuta ta huda shi magana ta ƙare. Masu walda biyu da suka girme shi sun duba sun ce ba da su ba. Barau ya yanke yatsa ukun, ya yini yana haɗawa ɗigo-ɗigo, yana jira ƙarfe ya huce kafin ya ƙara, har tartsatsi ya ƙone masa hannu bai motsa ba. Da ya gama, Kyaftin ya hau ƙafar ya yi tsalle a kanta, ko gezau.

Washegari da sassafe jirgi ya yi gudu daga wannan bakin fili zuwa wancan, a miƙe kamar an ja zare. Kyaftin ya juyo da shi, ya bar inji yana aiki, ya buɗe ƙofar kujera ta biyu. Su ukun suka tsaya suna kallon juna, babu wanda ya ɗaga ƙafa. Malam Nomau ya kare ido da tafin hannu ya ce, "Ku yi sauri, 'ya'yana. In rana ta ɗaga ba na ganin komai."

Kujera ɗaya ce, rana kuma tana ɗagawa. To, ku da kuka saurara, tsakanin wanda ya gano inda ciwon yake, da wadda ta gano dalilinsa, da wanda ya gyara shi da hannunsa, wa zai hau?