Bukkar Fata Mai Ƙishirwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho daga nesa!

Ta zo mu ji ta, mu ba ta wuri!

A can ƙasar mutanen Inuwit, ƙurewar arewacin duniya, a ɗakin ƙanƙara ake kwana. In zafi ya shigo sai ɗakin ya narke, a koma bukkar fata. Fatar kuwa ta wata dabbar teku ce mai kama da ayu. Ku ce mata ayu kawai, ni na ba ku izini.

Akwai wani maharbi Kunuk da tsohuwarsa Arnaluk. Al'adarsu, in ka kama ayu sai ka ɗiga masa ruwan daɗi a baki, don tun da aka haife shi ruwan gishiri yake sha.

Kunuk ya kama na fari. Ayu ya ce, "Maharbi, sam min ruwa."

Ya ce, "Daga cikin ruwa na ciro ka, malam!"

Na biyu ya roƙa, ya yi masa dariya. Na uku ya roƙa, ya shanye ruwan a gabansa har da gyatsa.

Tsohuwa ta jeme fatun. Ta ɗinka da allurar ƙashi, ta ɗinka, ta ɗinka, har idonta ya dushe. Aka kafa bukka, aka danne gefenta da duwatsu.

Kunuk na kishingiɗe sai bukka ta ce, "Ƙishirwa."

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, tashi ka ɗebo wa fatun nan ruwa."

"Inna, fata ce fa!"

"Ƙishirwa."

"Ɗan nan, ga rafi can kusa."

"Bari in huta tukuna."

"Ƙishirwa!"

Sai bukka ta girgiza, duwatsu suka watse, ta nufi teku tana jan ciki. Tsohuwa ta riƙe gefenta gam, tana cewa, "Wahalata! Ina za mu fake?" Ɗinkinta kuwa ba ya farkewa, hannunta bai saki ba. Tsundum! Har ita.

Kunuk ya sheƙo da ƙwarya cike da ruwa. "Ga shi! Ku sha! Ku maido min Inna!"

Ya tuttula a teku. Nan take ruwan ya zama gishiri. Ya koma rafi ya ɗebo ya tuttula, ya zama gishiri. Har yau yana ɗebowa, babu wanda ya amsa masa.

Wanda ya roƙe ka kurɓi ɗaya, ba shi tun bakinsa na buɗe.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone! Ƙaryata ce, amma a miƙo min ruwa.