Ciwon da Malam Nasidi Ya Kira Maƙoƙo

Malam Nasidi Jumare mutumin Kusfa ne a cikin birnin Zariya, ma'aikaci a ofishin ilimi, jikan malamai. Ba shi da rowa, ba shi da faɗa. Aibinsa guda ne: sunan gidansu ya fi masa komai. In ana binciken asali kafin aure, shi ake tambaya a unguwa, kuma ya sha sassauta murya ya ce, "Gidan nan akwai farfaɗiya," maganar aure ta mutu nan take.

A ƙarshen shekarun 1980 wani ƙullutu ya fito masa a gaban wuya. Kowa ya ce maƙoƙo ne. Aka yi masa aiki a babban asibiti, aka kai abin da aka ciro ɗakin gwaji. Ranar da ya koma jin sakamako, Dakta Jibril, likitan da ya yi aikin, ya tura ƙofa ya zauna.

"Malam, ba maƙoƙo ba ne. Ciwon daji ne, kuma ba irin wanda muka saba gani a wuya ba. Mun cire shi tun bai yaɗu ba, alhamdu lillahi. Amma irin wannan yakan bi jini. Ka kawo mini 'yan'uwanka da 'ya'yanka, in duba wuyansu, a ɗebi jininsu."

"Wato babu tabbas, likita?"

"Babu tabbas. Shi ya sa nake son in gan su."

Malam Nasidi ya ɗauki rabin amsar, ya bar rabi a asibiti. A lokacin wani gida a Ƙofar Galadima na neman auren 'yarsa Maimuna, ita ma tana so, kuma an fara bincike. Ya san abin da mutum irinsa zai faɗa in ya ji an kwashi zuriyar Jumare an kai asibiti gwajin jini. Sai ya naɗa rawani ya rufe tabon, yana shan ƙwayarsa kowace safiya, yana gaya wa masu dubiya maƙoƙo ne. Aka ɗaura aure lafiya.

Bayan 'yan shekaru ƙanwarsa Sailuba, malamar firamare, ta zo gaishe shi. Ta ja mayafi ta nuna masa wuyanta tana dariya.

"Yaya, ga naka ya biyo ni. Cikin duk abin da ka mallaka, wannan ka ga damar raba mini?"

Ya ce, "Ki je asibiti."

"Sai an yi hutu. Maƙoƙo ne fa. Kai ma ka daɗe da naka, ga ka garau."

Ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya tuna in ya faɗa yau, dole ya faɗi dalilin shirun da ya yi a baya. Ya tambaye ta lafiyar yara.

Hutu ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Sailuba ba ta je ba sai da muryarta ta dishe, gudawa ta ƙi tsaya mata. A lokacin ciwon ya riga ya kai ƙirji da ƙashi. Da Dakta Jibril ya tambaye ta ko an taɓa yi wa wani nata aikin wuya, ta ambaci sunan yayanta. Likitan ya tare Malam Nasidi a baranda ranar da ya zo dubiya.

"Malam, kai za ka gaya mata."

Malam Nasidi ya shiga, ya zauna a gefen gado, ya gaya mata idonsa a ƙasa. Ta yi magana da ɗan sauran muryarta.

"Ranar da na nuna maka wuyana, ka sani?"

"Na sani."

"To. Ba ni da ƙarfin fushi, Yaya. 'Ya'yana nake so a duba. Kuma kada ka aiki kowa. Kai za ka bi gidajen dangi, ka faɗa da bakinka."

Haka ya yi. Ya bi lungunan birni zaure-zaure, yana maimaita magana ɗaya. An sami ciwon yana ƙarami a wuyan Aƙilu, babban ɗan Sailuba, aka cire, ya warke. Sailuba ta rasu kafin damina. Kowace Juma'a Aƙilu yakan zo ya durƙusa ya ce, "Kawu, ina wuni," kuma har ƙarshen ransa Malam Nasidi bai iya amsawa yana kallon fuskarsa ba.

Darasin labarin nan a fili yake. Ciwon da ke bin jini ba sirrin mutum ɗaya ba ne, haƙƙin dangi ne su sani. Ba kowane kumburin wuya ne maƙoƙo ba, kuma in likita ya ce a kawo 'yan'uwa, a kai su tun da sauran lokaci. Wanda ya ɓoye cuta don kare sunan gida, mutanen gidan yake jefawa cikin haɗari, kuma kunyar da ya guda ƙarama ce a kan wadda ke jiransa.